Nazarin Jituwar Amo a Kiɗan "So What" na Miles Davis ta Fuskar Kiɗan Gurmin Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya yi nisa ƙwarai tun daga shekarun 1970, amma in aka duba da kyau za a ga kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne a kan kalmomi, watau jigo da salo da zubi da tarihin mawaƙi. Shi kuwa kiɗan da ke ɗauke da kalmomin, sai a ambaci sunan abin kiɗa a layi ɗaya a wuce. A ɗaya ɓangaren kuma, inda ake koyar da kiɗa a makaranta, ma'aunin Turawa ake miƙa wa ɗalibi tun ranar farko, har ya fito yana ganin kiɗan gurmi ko na garaya abu guda ne da ake ta nanatawa, ba shi da abin da za a nazarta a ciki.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan hukunci bai tsaya a kan ƙafafunsa ba, kuma za mu kawo hujjarmu ne daga inda ba a zata ba. Za mu ɗauki wani shahararren kiɗa na Baƙar Fatar Amurka, daga irin kiɗan da ake kira jaz, mai suna "So What", mu feɗe shi, mu ga yadda aka gina shi da abin da yake bukata daga mabushi ko makaɗin da zai ƙirƙiri nasa a kansa nan take. Sa'an nan mu gwama shi da kiɗan gurmi irin wanda marigayi Alhaji Haruna Uji na Haɗejiya ya shahara da shi. Ra'ayinmu shi ne, kunnen da ya tashi da jin gurmi ya fi kusa da gane wannan kiɗa bisa ga kunnen da aka horar da littafin jituwar Turawa kaɗai. Za mu kuma faɗi inda kamancen ya tsaya, domin kama da wane ba ta wane.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Tun da yake fannin bai samu daidaitattun kalmomi a Hausa ba tukuna, ya kamata mu fara da bayyana waɗanda za mu yi aiki da su.

Amo shi ne sauti guda mai tsayayyen kauri ko siranta. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida 12. Kowane gida za mu kira shi rabin taki, gida biyu kuma cikakken taki. Tsani shi ne jerin amon da aka zaɓa daga cikin waɗannan 12 don a yi kiɗa da su, kowane amo a cikinsa kuwa mataki ne. Fararen maɓallan fiyano suna ba da tsani mai amo bakwai, waɗanda ake wa laƙabi da haruffa C, D, E, F, G, A, B, su ne kuma do, re, mi, fa, so, la, ti da ake rerawa a makaranta. Alamar ♭ a gefen harafi tana nufin an sauke amon da rabin taki.

Dami shi ne amo uku ko fiye da aka buga a lokaci guda, kamar yadda ake ɗaure zangarniyar gero wuri ɗaya. Jituwa ita ce ilmin yadda ake ɗaure dammuna da yadda suke bin juna. Mazauni kuwa shi ne tsani tare da matakin da aka mayar gida, watau inda kiɗa ke tashi yana kuma komawa. Tsani ɗaya yana iya ba da mazauni bakwai, gwargwadon matakin da aka zaɓa ya zama gida. Wanda ya saba da ƙira'ar Misirawa ya san kwatankwacin wannan a abin da Larabawa ke kira maƙam. A ƙarshe, awo shi ne ƙunshin bugu huɗu, zango kuma tarin awo takwas.

3.0 Asalin Kiɗan

An ɗauki "So What" a faifai ranar 2 ga Maris 1959 a birnin Niyu Yok, shi ne kuma kiɗa na farko a faifan nan mai suna Kind of Blue wanda kamfanin Columbia ya fitar a watan Agusta na shekarar. Mutum shida ne suka yi aikin. Miles Davis shi ne jagora, yana busa ƙahon Turawa da ake kira tiramfet. John Coltrane da Cannonball Adderley suna busa saksofon, Bill Evans yana kan fiyano, Paul Chambers yana kaɗa babban gogen tsaye da ake kira bes, Jimmy Cobb kuma yana kan ganguna.

Kafin wannan lokaci, al'adar masu jaz ita ce a ɗauki jerin dammuna masu saurin sauyawa, mabushi ya riƙa binsu yana sauya amonsa duk sa'ad da dami ya sauya. Iyakar inda wannan hanya ta kai shi ne kiɗan "Giant Steps" wanda Coltrane ya ɗauka a watan Mayu na wannan shekara ta 1959, inda aka cusa dami 26 a cikin awo 16. Mabushi a nan kamar mahayi ne a kan doki mai gudu, hankalinsa duka yana kan kada ya faɗi. Davis ya nemi akasin haka. Tun a 1953 wani masani mai suna George Russell ya wallafa littafi yana cewa kowane dami yana da tsanin da ya haife shi, saboda haka ana iya ba mabushi tsanin a bar shi ya yi yawo a ciki. Davis ya gwada wannan a kiɗan "Milestones" a 1958, sa'an nan ya zurfafa shi a "So What". A littafin tarihin rayuwarsa na 1989 ya ambata cewa wasan wata ƙungiyar makaɗa da maraya ta ƙasar Gini da ya kalla yana cikin abubuwan da suka sa shi wannan tunani, ya kuma ce bai cim ma ainihin sautin da ya so ba. Wannan magana tasa tana da muhimmanci, za mu komo kanta a gaba.

4.0 Feɗe Kiɗan

4.1 Zubi

Kiɗan yana da awo 32, an raba su zango huɗu. Zango na ɗaya da na biyu suna zaune a mazaunin D, na uku ya hau zuwa mazaunin E♭, na huɗu ya komo D. Ke nan kashi uku cikin huɗu na kiɗan a wuri guda yake. Bayan 'yar shimfiɗa da fiyano da bes suka yi, mai bes ne ke furta karin kiɗan: ya tashi daga D, ya tsallaka sama, ya hau 'yan matakai, ya komo gida. Duk sa'ad da ya ajiye, sai fiyano, daga baya kuma har da mabusa, su amsa masa da dami biyu, na farko dogo, na biyu gajere. Duk wanda ya taɓa jin jagora da 'yan amshinsa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsari. In muka ari kalmomin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita wa nazarin waƙar baka, wannan kira da amsa shi ne gindin waƙa, abin da kowane mabushi ya ƙirƙira daga baya kuma su ne ɗiya.

Akwai wani tarko a wannan zubi da ba a ganinsa a takarda. Idan aka gama zagaye ɗaya aka shiga na biyu, zango na huɗu yana haɗewa da zango biyu na farkon sabon zagaye, sai a samu awo 24 a jere ba tare da wani sauyi ba. Babu dami da zai gaya wa mabushi inda yake. Wanda bai riƙe lissafi a jikinsa ba, sai ya hau E♭ kafin lokaci ko bayan an wuce shi.

4.2 Mazaunin Doriyan

Mazaunin da aka yi amfani da shi ana kiransa Doriyan. A kan D, amonsa su ne D, E, F, G, A, B, C, watau fararen maɓallai daga re zuwa re. Tazarar matakansa ita ce: cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi, cikakke. In aka karanta wannan jeri daga ƙarshe zuwa farko, shi ɗin ne dai, kuma babu wani mazauni cikin bakwai ɗin da ke da wannan siffa. Mataki na bakwai, watau C, cikakken taki ne a ƙarƙashin gida, saboda haka ba ya fizgar kunne zuwa D kamar yadda ti ke fizgarsa zuwa do. Mataki na uku, F, shi ke ba mazaunin ɗan duhunsa. Mataki na shida, B, shi ke raba shi da tsanin baƙin ciki da aka saba da shi a waƙoƙin Turawa, wanda ke da B♭ a wannan gurbi. Mabushin da bai taɓa B ba sam, bai nuna wa mai sauraro cewa Doriyan yake ciki ba.

Amma a nan ne haɗarin yake. Amon D Doriyan su ne dai amon tsanin do, re, mi na C, ba ragi ba ƙari. A littafin jituwa, damin D, F, A, C ana ɗaukarsa a matsayin mai share hanya: shi ke kai wa ga damin G, B, D, F, wannan kuma ya kai ga C inda ake hutawa. Abin da ke haddasa wannan fizga shi ne haɗuwar F da B, waɗanda ke da tazarar cikakken taki uku, kunne kuwa yana son F ta sauka E, B ta hau C. Da zarar mabushi ya jera G, B, D, F ya sauka a kan C da ƙarfi, to ya mayar da gida C, D ta zama baƙuwa a ɗakinta. Wannan shi ne kuskuren da ɗalibin da aka horar da littafi ya fi faɗawa, domin yatsunsa sun saba da wannan hanya. Yana zaune a kan D yana jiran dami na gaba, alhali babu wanda ke tafe.

4.3 Dammunan Amshi

Dammuna biyu da Evans ya yi amshi da su sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, daga ƙasa zuwa sama, shi ne E, A, D, G, B. Na biyu shi ne D, G, C, F, A, watau na farkon ne aka sauke da cikakken taki. Abubuwa huɗu muka lura da su.

Na ɗaya, ba a ɗaure su yadda littafi ya tanada ba. Littafi yana tsallake mataki ɗaya-ɗaya, kamar D, F, A. Evans kuwa ya tsallake biyu-biyu har sau uku, sa'an nan ɗaya a sama. Dami irin wannan ba ya nuna wa kunne inda za a nufa. Mai jita zai gane na farkon nan da nan, domin shi ne amon tsirkiyoyi biyar masu kauri na jita in ba a danne su ba.

Na biyu, in aka tara amon dammunan biyu, za a samu D, E, F, G, A, B, C cif. Ke nan amshin nan mai bugu biyu ya shimfiɗa wa mabushi dukan mazaunin.

Na uku, na farko yana da B ba shi da F, na biyu yana da F ba shi da B. An raba abokan rikicin nan biyu, ba a bar su sun haɗu a dami ɗaya ba, don haka fizgar zuwa C ba ta taso ba.

Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, kowane dami a cikinsu tsani ne mai amo biyar wanda ba shi da rabin taki. Na biyu in aka jera shi zai ba da D, F, G, A, C, na farko kuma E, G, A, B, D. Akwai na uku a cikin mazaunin, shi ne A, C, D, E, G. Tsani mai amo biyar kuwa shi ne akasarin kiɗan tsirkiya da na busa na ƙasar Hausa ya ginu a kai.

4.4 Hawan Rabin Taki

A zango na uku komai yana hawa da rabin taki. Amon E♭ Doriyan su ne E♭, F, G♭, A♭, B♭, C, D♭. Amo biyar sun sauya, biyu kaɗai suka rage, F da C. Su ma aikinsu ya sauya: F da take mataki na uku ta koma na biyu, C da take na bakwai ta koma na shida, watau ita ce yanzu alamar mazaunin. Mabushi yana da zaɓi biyu a bakin wannan zango. Ko dai ya riƙe F ko C ya haye da ita kamar gada, ƙasa ta sauya a ƙarƙashinsa shi yana tsaye, ko kuwa ya ɗauki jimlar da ya gama faɗa a D ya maimaita ta a sama da rabin taki don mai sauraro ya ji hawan sarai. Har ila yau, amo biyar ɗin da suka sauya su ne baƙaƙen maɓallan fiyano gaba ɗaya, kuma su kansu tsani ne mai amo biyar a kan E♭.

5.0 Yadda Mabusan Suka Yi

Kowane ɗaya daga cikin mabusan uku ya yi zagaye biyu, watau awo 64, Evans kuma ya yi ɗaya, kiɗan duka bai kai minti goma ba.

Davis ya shiga da 'yan amo kaɗan, mafi yawa D da A da F, cikin gajerun jimloli da yake bari su huta kafin ya kawo na gaba. Ya fara kafa gida tukuna. Sai a zagaye na biyu ya koma yana yawo a kan C, E, G, alhali D tana nan a ƙasa. Tun da ya riga ya dasa D a kunnen mai sauraro, wannan yawo bai rushe gidan ba, sai ma ya ƙara masa faɗi. Coltrane ya bi wata hanya: yakan ɗauki ɗan guntun kari mai amo uku ko huɗu, ya juya shi, ya ɗaga shi, ya matse shi, har ya tara zafi. Adderley kuwa ya shigo da tsohuwar al'ada, yana saƙa amon da ba na mazaunin ba a tsakani, yana nuna dammunan da babu su a ƙasa.

A ganinmu aikin Davis ne ya fi dacewa da ginin kiɗan, domin shi ne wanda ɗan sauraro zai iya rerawa bayan ya ji sau biyu ko uku. Na Coltrane shi ne ya buɗe ƙofar gaba, shaida kuwa ita ce ya ɗauki wannan zubi ɗungurungum ya gina nasa kiɗan "Impressions" a kai, wanda ya buga a 1961. Na Adderley akwai daɗi da gwaninta, sai dai yana nuna mutum ne da bai gama yarda da zama wuri ɗaya ba. Darasin da ke nan shi ne, faɗa wa ɗalibi cewa ya buga fararen maɓallai awo 16 bai koya masa komai ba. Dukansu uku mazauni ɗaya aka ba su. Abin da ya bambanta su shi ne tsawon jimla, da wurin yin shiru, da amon da kowa ya zaɓa ya sauka a kai.

6.0 Gurmin Haɗejiya

Gurmi ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu ko uku. Sandar ba ta da tsage-tsagen da ke kan jita, yatsa da kunne ne ke nemo amo. Haruna Uji ya ɗauki wannan ɗan abu daga Haɗejiya ya kai shi gidajen rediyo da kaset har ya zama sananne a duk inda ake jin Hausa, musamman ta waƙoƙinsa na soyayya.

Wanda ya saurari kiɗan gurmi da kunnen nazari zai ji abubuwan nan. Akwai ɗan gajeren kari da yatsu ke zagayawa a kai, yana komawa ga amo guda tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Murya tana tashi daga sama ta gangaro ta sauka a kan wannan amo ko kusa da shi. Inda murya ta ja numfashi, gurmin ne ke cike gurbin, kamar ɗan amshi. Karin ba ya dawowa daidai yadda ya tafi, ana ƙara bugu, ana rage wani, ana jinkirta sauka. Ɗiyan waƙa kuma ba su da ƙayyadadden tsawo, mawaƙi yana ja ko ya taƙaita gwargwadon abin da ya gani a fuskar masu sauraro. Haka abin yake ga marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal, haka kuma ga masu algaitar fadar Haɗejiya da sauran fadodi, waɗanda ke shaƙar iska ta hanci suna busawa ba yankewa.

Ke nan matsalolin da muka lissafa a sama, watau kafa gida, da riƙe lissafi ba tare da dami ya tuna maka ba, da sanya mai sauraro ya ƙi gajiya alhali ba a motsa daga wuri ɗaya ba, su ne aikin yau da kullum na mai gurmi. Abin da Davis da mutanensa suka tsaya suka nema a 1959, shi yaron makaɗi a nan yake buɗe ido ya tarar. Wasu daga cikin masu jaz ɗin sun gane haka. Marigayi Yusef Lateef, wanda ya yi aiki tare da Adderley a farkon shekarun 1960, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana binciken sarewar Fulani.

7.0 Inda Kamancen Ya Tsaya

Ba mu ce jaz daga ƙasar Hausa ya fito ba, kuma babu hujjar cewa Davis ya taɓa jin gurmi. Shi da kansa Gini ya ambata, ya kuma ce bai kai ga abin da ya ji ba. Akwai bambance-bambance huɗu da bai kamata zumuɗi ya sa a rufe ido a kansu ba.

Na farko, hawan rabin taki na zango na uku baƙon abu ne ga gurmi. Mai gurmi ba ya ɗauke gida ya mayar wani wuri a tsakiyar waƙa. Wannan hawa gado ne daga zubin waƙoƙin Amurka masu awo 32, inda zango na uku kan bambanta da sauran.

Na biyu, Doriyan amo bakwai ne, da rabin taki biyu a ciki. Tsani mai amo biyar yana shiga cikinsa, amma bai cika shi ba. Wanda ya tsaya a kan D, F, G, A, C ba zai yi kuskure ba, sai dai zai rasa B, alamar mazaunin.

Na uku, amon gurmi ba lalle ne ya faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba. Haruffan da muka yi aiki da su kwatance ne kurum. Ranar da aka tilasta wa gurmi ya bi fiyano, an rage masa wani abu.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Saboda haka mawaƙin Hausa ba shi da 'yancin da mai tiramfet ke da shi, kalma tana da ta cewa a kan inda murya za ta nufa. Ƙirƙirarsa ta fi wuya ta wannan fuska, tun da yana saƙa ma'ana da kari a lokaci guda.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Maganar ba ta tsaya a aji ba. Makaɗi yana ci ne daga rarar manomi da masunci da ɗan kasuwa. A fadamar kogin Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, yanayin ambaliyar da ake noman shinkafa da kamun kifi da ita ya sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A birane kuwa fiyanon lantarki ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa da wuraren biki. Idan makaranta ita ma ta taya da cewa kiɗan gurmi ba shi da ilmi a cikinsa, to ba mu ga abin da zai sa yaro ya zauna ya koya ba.

Don haka muna ba da shawara kamar haka. Malamin kiɗa ya fara da sa ɗalibai su saurari gurmi su nemo amon gida da muryarsu, kafin a nuna musu dami ko ɗaya. Daga nan a riƙe musu D a ƙasa, su ƙirƙira da amo biyar, D, F, G, A, C, ɗaya yana kira saura suna amsawa. In sun zauna, a ƙara musu E, sa'an nan B, su ji da kunnensu abin da kowace ta kawo. Sai a ƙarshe a kawo hawan rabin taki da lissafin awo 32. Sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su haɗa hannu da sassan kiɗa, a gayyato masu gurmi da algaita da ke raye su koyar, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami. A kuma tattara kaset-kaset na Haruna Uji da takwarorinsa a adana, a auna amonsu yadda yake, ba tare da an gyara shi ya dace da fiyano ba.

A taƙaice, mun nuna cewa "So What" ya ginu ne a kan gindi mai kira da amsa, da mazauni guda da aka ɗaga sau ɗaya aka mayar, da dammuna biyu waɗanda kowannensu tsani ne mai amo biyar, kuma ma'aunin jituwa na littafi yana iya ɓatar da mai ƙirƙira a kansa. Mun nuna cewa gwanintar da yake nema tana nan a hannun makaɗan tsirkiya na ƙasar Hausa, tare da faɗin inda suka rabu. Kalmomin da muka ƙirƙira, irin su dami da mazauni da awo, mun ajiye su gaban wannan taro don a gyara ko a musanya su da waɗanda suka fi, musamman in an samu waɗanda makaɗan da kansu ke amfani da su. Allah ya sa mu dace.